Katin Kirsimeti na Hannu: Hatimi da Tawada Sun Isa

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini. Ina roƙon ka ara mini ɗan fili in yi magana a kan abin da wasu za su ga bai kai a kawo shi jarida ba, wato katin gaisuwar Kirsimeti da ake yi da hannu. Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, kwanan baya muna zaune ana hira, sai wani saurayi mai ladabi, sa'an autana, ya ce da ni, "Mama, ai kati ya mutu tun da waya ta zo. Wa zai zauna yana yanka takarda, alhali da dannawa ɗaya zai gaishe da mutum ɗari biyu?" Ban yi masa musu a wurin ba, don akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Amma na kwana da ita, na tashi da ita, har na ga gara in ba shi amsa a inda shi da ire-irensa za su karanta.

Bara, ranar 25 ga Disamba, hoto iri ɗaya ya shigo wayata sau goma sha ɗaya daga mutane daban-daban: jan kyandir da ƙararrawa biyu suna walƙiya. Na gode musu duka, har cikin zuciyata. Sai dai yau in ka tambaye ni wa da wa suka turo, sai na koma na duba. Katunan da aka miƙo mini a hannu kuwa guda huɗu ne, ina iya lissafa maka masu su ido rufe, da abin da kowa ya rubuta a ciki.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin sakatariya, saboda haka ni da hatimi mun daɗe da sanin juna. Kullum safiya in juya lambobin kwanan wata, in danna a soson tawada, in buga a kan wasiƙun da suka shigo. Kwaf, kwaf, kwaf, har a tashi. Ko sau ɗaya ban taɓa kallon abin nan a matsayin kayan zane ba. Sai bayan na yi ritaya, wata rana na tarar da jikata, lokacin tana da shekara bakwai, ta sami kilina ta goge fensir tana ta tsaga ta da bakin kamfas. Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai ta ce, "Kaka, duba, tauraro ne." Na ɗauko wani tsohon soson tawada da ya rage a akwatina, na danna kilinar a kai, na buga a bayan wani ambulan. Ga tauraro nan shuɗi, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, gefensa duk zazzago, amma tauraro ne ba musu. Yarinya ta yi tsalle. Ni kuwa na tsaya ina kallonsa, na ji wani abu ya motsa a raina. A waccan shekarar kati tara muka yi. Yanzu shekara takwas ke nan, kowace shekara arba'in nake yi.

To, ga yadda ake sassaƙa hatimin, don shi ne uwa uba. Ka nemi kilina fara mai laushi, marar rubutu a jikinta, wadda ba ta marmashewa in an lanƙwasa ta. Kada ka yi zane kai tsaye a kanta. Ka zana abin da kake so a takarda da fensir mai duhu, irin 2B, ka bi layin sau biyu, sannan ka kife takardar a kan kilinar ka goga bayanta da farce ko gefen cokali. In ka ɗaga za ka ga zanen ya koma jikin roba a juye, kamar an duba shi a madubi. Haka ake so. Duk abin da ke dama a jikin hatimi, hagu zai fito a takarda. Ni na sha wannan darasi a shekara ta biyu, da na zauna tun la'asar har dare ina sassaƙa kalmar "Salama" harafi bayan harafi, kai tsaye a kan roba yadda ake karanta ta. Da na buga, ta fito a birkice, sai da madubi ake gane ta. Na ji zafin abin ƙwarai, don idanuna sun wahala a kanta. Tun daga ranar ban sake tsallake dabarar kifa takarda ba.

Ƙa'ida ta biyu: abin da ka yanke fari zai fito, abin da ka bari shi zai ɗauki tawada. Da baki abin da sauƙi, amma hannu yakan manta. Wuƙar kuwa, siririya mai tsini irin ta masu aikin zane ta fi, ko ɗan kurfi mai baki kamar harafin V da ake sassaƙar linoliyam (wata irin shimfiɗar daɓe mai kauri) da shi. In reza kaɗai gare ka, ka naɗe gefe ɗaya da salatif mai kauri kafin ka riƙe. Ka karkata bakin wuƙar ya kauce wa layin zanen, yadda gindin layin zai fi samansa faɗi, kamar tudu. In ka yanka ta ƙarƙashinsa, layin zai tsaya ba gindi, bugu biyar ya ɓalle. Kuma kilinar ake juyawa, wuƙa tana nan inda take, bakinta kullum yana kallon nesa da yatsu. Yaro ƙarami ba a ba shi wuƙa. Shi ya zana, babba ya sassaƙa, shi kuma ya buga. A gidana haka muka raba aikin, ba a taɓa samun rigima ba.

Mai farawa ya fara da manyan siffofi marasa ƙananan layuka: tauraro, kyandir, ganye, ƙararrawa, tunkiya. Komin dabbobi da aka kwantar da jariri a Baitalami layi biyar ne kawai in ka lura, ƙafafu biyu a giciye da ɗan ciyayi a sama. Fuskar mutum ce mai wuya, ni har yau inuwa kawai nake yi, makiyayi da sandarsa ba ido ba hanci, kuma kowa yana gane shi.

Wancan saurayi yana ganin kati tsohon yayi ne na masu lokacin ɓatawa. Bari in gaya masa cewa wanda ya fara buga katin Kirsimeti don sayarwa, rashin lokaci ne ya kai shi. Sunansa Henry Cole, ma'aikacin gwamnati a Landan, wanda daga baya ya zama shugaban farko na gidan tarihin da yau ake kira Victoria and Albert. Yana cikin waɗanda suka taimaka wa Rowland Hill aka kawo tsarin aika wasiƙa da kwabo ɗaya a Birtaniya a 1840, shekarar da kan sarki na farko a duniya ya fito. Da aika wasiƙa ya yi araha, gaisuwa ta yawaita. A 1843 Cole ya sa wani mai zane, John Callcott Horsley, ya zana masa kati, aka buga guda 1,000, aka sayar da kowane a kan sule ɗaya, wato kwabo goma sha biyu, kuɗi mai nauyi ga talakan wancan zamani. A tsakiyar katin iyali ne zaune suna ɗaga kofunan giya, har ana kai wa ƙaramin yaro kofi baki, abin da ya sa masu yaƙi da shan barasa suka yi tir da shi. A gefe da gefe kuma ana ciyar da mayunwata, ana tufatar da matalauta. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne, bayan inji ya buga layukan zanen, da hannu aka bi kowane kati aka shafa masa launi. Tun daga tushe ke nan akwai hannun mutum a ciki.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Louis Prang, Bajamushe da ya koma zama a yankin Boston, ya fara sayar da katunan Kirsimeti masu launi a Amurka a 1875. Joyce Hall ya kafa sana'arsa a Kansas City a 1910, ita ce ta zama kamfanin Hallmark mai buga katunan gaisuwa. Ba na raina katin kanti, na aika da shi shekara da shekaru, kuma da babu gara ba daɗi. Hatimin roba shi ma sa'an katin ne, kusan a ce tare aka haife su: a 1844 Charles Goodyear ya sami takardar mallakar dabarar dafa roba da farar wuta don ta daina narkewa a zafi da sandarewa a sanyi, bayan shekaru ashirin da wani abu aka fara ganin hatimin roba a ofisoshi. Dabarar kanta kuwa ta girme su nesa ba kusa ba. Mutanen Mesofotamiya, inda Iraƙi take a yau, suna sassaƙa ƙananan duwatsu suna mirgina su a kan ɗanyen yumɓu fiye da shekara 5,000 da suka wuce. In na riƙe 'yar kilinata nakan tuna da su.

Yanzu tawada. A nan ne mutane suka fi faɗawa rami, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan nutsu.

Tawadar ofis da na saba da ita tana aiki, da ita na fara, amma launinta kaɗan ne, kuma takan yi dishi-dishi a kan babban zane. Tawadar da ake yi musamman don wannan aiki kashi uku ce. Ta farko ita ce mai rini. Launinta narkakke ne cikin ruwa, kamar yadda gishiri ke narkewa, saboda haka tana shiga cikin takarda ta bushe nan da nan, kafin ka ajiye hatimi ka ɗauki wani. Layinta siriri ne tsaf. Aibinta, in ɗigon ruwa ya taɓa mafi yawanta sai ta baje, in kati ya daɗe a hasken rana ta koɗe, kuma ba ta fitowa a kan takarda mai duhu. Ta biyu ita ce mai gari, wadda ƙwayoyin launinta ba su narke ba, suna yawo ne cikin wani ruwa mai kauri da danƙo. Wannan a saman takarda take zama, ba ta nutsewa. Launinta a cike yake, tana jure rana, kuma ita ke ba ka fari sol a kan shuɗin kwali mai duhu, wanda a wurina babu abin da ya kai shi kama da daren da makiyaya suka ga haske. Amma tana da nawar bushewa. Ta uku ita ce mai kaushin wari, irin StazOn, wadda ake bugawa a kan leda, gilashi ko ƙarfe. Mai yin kati ba ya buƙatarta sosai, kuma sai da ruwan wanki na musamman take fita daga jikin hatimi.

Ga abin da ya same ni, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. A shekara ta uku na sami wani kwali mai sheƙi, santsi kamar bangon mujalla, na ga ya yi kyau. Na buga kati talatin da jar tawada mai gari, na bar su kamar awa ɗaya, na tara su kan juna na ɗora littafi a kai don su miƙe. Da safe na ɗaga. Kowane kati ya manna jan kyandirinsa a bayan na samansa, wasu sun shafe kamar an ja yatsa a kai. Takarda mai sheƙi ba ta shan ruwa, tawada mai gari kuwa ba ta da inda za ta je, ko kwana uku ta yi tana nan ɗanya. Saura kwana goma Kirsimeti, aikin mako biyu ya tafi. Na zauna na yi shiru, hawaye ya zo mini, don wasu katunan na riga na sa wa kowane mai shi a raina. Na sake sabo a kan kwali marar sheƙi, na baza su ɗaya-ɗaya a kan gado da tebur da kujeru har suka kwana. Tun daga nan ba na buga ko ɗaya sai na gwada tawadar a kan guntun wannan kwalin, na bar shi, na dawo na goga da yatsa. Lokacin damshi ma bushewa takan ƙara jinkiri, a sa wannan a lissafi.

Nawar bushewar nan kuwa ita ce ke buɗe ƙofar abin da na fi ƙauna a duk aikin, wato zane mai tudu. Akwai wani gari da ake sayarwa, na roba ne da aka niƙa lukwi, ruwan zinariya ko azurfa ko fari. Za ka buga hatimi da tawada mai gari, ko da wata marar launi mai danƙo irin VersaMark, tun tana ɗanya ka barbaɗa garin ya rufe zanen, ka karkata katin ka kaɗe sauran a kan takarda ka mayar kwalba. Abin da ya maƙale zai yi kama da yashi, dushe-dushe, ba kyan gani. Sai ka kawo zafi. Akwai ɗan injin hura iska mai zafi da aka yi don haka. Injin busar da gashi ba ya yi, iskarsa ta yi yawa, zafinsa bai kai ba, sai ya watsar da garin. Kafin in sami injin, dutsen guga nake jinginewa a tsaye in riƙe bayan katin kusa da fuskarsa ba tare da ya taɓa ba. Malam Edita, gani ya kori ji. Da farko ba abin da ke faruwa. Sai can daga tsinin tauraron wani ɗigo ya yi ƙyalli, ƙyallin ya fara tafiya a hankali yana bin layi, yashin nan yana narkewa yana zama zinariya, har ya zagaye zanen duka. Da zarar ya kai ƙarshe ka janye, in ka ƙara garin ya nutse cikin takarda ya dushe, takardar ma ta soma ƙonewa. Jikata yanzu ta zama budurwa, amma har yau in za a yi wannan sai ta ajiye waya ta zo ta tsaya a kafaɗata. Ɗan sirri guda: kafin ka buga, ka shafa hodar jarirai kaɗan a fuskar katin ka kaɗe, don kada garin ya maƙale a inda yatsunka suka bar maiƙo.

Zancen takarda ba shi da tsawo. Ta ofis nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, ta yi laushi, kati ba zai tsaya da ƙafarsa ba. A nemi kwali mai giram 250 zuwa 300. Falle ɗaya na A4, in ka raba shi biyu ka ninke kowane rabi, zai ba ka kati biyu masu milimita 105 a faɗi da 148 a tsawo, waɗanda ke shiga ambulan na C6 daidai wa daida. Masu koyo daga bidiyon intanet su lura, da yawa daga cikin masu koyarwar 'yan Amurka ne, su kuwa takardarsu inci 8 da rabi ce da inci 11, katinsu inci 4 da kwata da inci 5 da rabi. In ka kwafi awonsu a kan A4, gefe zai saɓa. Kafin ninkewa, ka ɗora rula ka ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare, sannan ka ninke a kan layin ka murje da bayan cokali. In ba haka ba kwalin zai tsage a gaɓa.

Bugun kansa yana da ladabi, kuma nan ne aikin ofis ya so ya ɓata mini hannu. A ofis da ƙarfi ake dankarawa. A kati ba haka ba. Ka kwantar da hatimin ya kalli sama, ka ɗauki soson tawadar ka riƙa taɓa shi a hankali, taf-taf-taf, har ko'ina ya ɗauka. Kada ka murza, kada ka danna har tawada ta cika ramukan. Ka shimfiɗa tsohuwar jarida ninki huɗu ko biyar a ƙarƙashin katin don ya sami ɗan taushi. Ka sauke hatimin kai tsaye, ka danna da tafin hannu daidai ko'ina, ka ƙirga uku, ka ɗaga sama ɗoɗar. In ka yi lilo da shi hagu da dama, zanen zai fito da inuwa biyu. Ni a tsaye nake bugawa, nauyin jiki ya fi na yatsu adalci. In ka sake bugawa karo na biyu ba tare da ƙara tawada ba, zanen zai fito a dushe, kamar abu mai nisa. Da wannan dabarar, kilina ɗaya mai siffar tunkiya takan ba ni garke guda, na gaba baƙi ƙirin, na baya suna ɓacewa cikin dare. In kuma kana so wani abu ya ɓuya a bayan wani, ka buga na gaban, ka yanko siffarsa a 'yar takarda ka rufe shi, ka buga na bayan a kai, ka ɗage. In an gama, a goge hatimi da tsumma mai ɗan laima, a bar shi ya sha iska, a ajiye inda rana ba ta kaiwa, don rana na busar da roba ta tsattsage. Soson tawada mai rini kuma a kife shi ake ajiyewa, don tawadar ta taru a fuska.

Akwai hatimai na saye masu kyau ƙwarai, jajayen roba a kan katako, da wasu garai-garai kamar gilashi da ake mannawa a jikin wani ɗan falle mai haske, kana hango daidai inda za ka sauke. Ina da 'yan kaɗan, musamman na haruffa, don rubutu ƙanana ya fi ƙarfin wuƙata. Wanda zai sayar da katunan da ya buga da irin waɗannan, ya karanta sharaɗin kamfanin, domin zanen mallakarsu ne, wasu sun yarda, wasu sun sa iyaka. Amma a nan ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi ƙarara. Masu tallan kayan nan a intanet sun mayar da abin kamar sai mai hali. Za ka ga ɗaki guda cike da injin yanka, da launi ɗari, da akwatuna jere, har mai sha'awa ya karaya tun bai fara ba. Na san mata biyu da suka ce mini suna so amma ba su da kayan. Wannan yana ɓata mini rai. Kilina uku, wuƙa ɗaya, soson tawada biyu, baƙi da ja, da kwali fari: da su na yi shekarun farko. Katin da aka fi yaba mini har yau launi ɗaya ne, tauraro ɗaya a kusurwa, sauran fili fari fat. Sabon shiga yakan so ya cika ko'ina da ado, ni ma na yi, daga baya na gane filin da ka bari shi ke sa a ga abin da ka buga.

Kada kuma a raina zanen yara. Katin gaisuwa na farko da UNICEF ta fitar a 1949 zanen wata yarinya ce 'yar shekara bakwai daga Cekoslobakiya, Jitka Samkova, da ta yi don godiya a kan taimakon da aka kai wa ƙauyensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga wannan zane aka kafa sayar da katuna don tallafa wa yara a faɗin duniya. In yaro ya zana maka tunkiya mai ƙafa biyar, ka sassaƙa ta da ƙafa biyar ɗin. Kakarsa za ta gane hannunsa.

Amsata ga wancan saurayi ita ce, kati arba'in yana cin mini kusan mako shida, awa ɗaya ko biyu kowane dare daga farkon Nuwamba. Ba zan iya yi wa mutum ɗari biyu ba, dole in zauna in zaɓa, kuma zaɓen nan yana tilasta mini in tuna wa aka yi wa rasuwa bana, wa ke kwance, wa muka yi sanyi da shi ba dalili. An ce zumunci a ƙafa yake. Ƙafata yanzu ba ta kai ni ko'ina yadda take yi da, katin nake aikawa ya taka a madadina. Shi ya sa cikin katin ba na buga komai da hatimi, da biro nake rubutawa, layi uku ko huɗu, in ambaci sunan mutum da wani abu da ni da shi kaɗai muka sani. A baya kuma, can ƙasa, in sa shekarar da fensir.

Akwai wata dattijuwa, ƙawar mahaifiyata ce, Inna nake ce mata. Idonta ya tafi shekara biyar da suka wuce. Shekarar farko na yi niyyar cire ta daga jerin, na ce me za ta yi da kati. Sai na tuna da garin nan mai tudu. Na yi mata tauraro babba, na barbaɗa gari sau biyu na narkar don ya yi kauri, na kai mata da kaina. Ta karɓa ta shafa da yatsa, ta bi tsini ɗaya, ta bi na biyu, leɓenta yana motsi tana ƙirgawa. Da ta kai na biyar ta ce, "'Yata, tauraro ne." Na ce, "Shi ne, Inna." Ta ce in karanta mata abin da ke ciki, na karanta, ta ce in sake. Da ta rasu bara, 'yarta ta kira ni ta ce sun sami katunan nan huɗu a ƙarƙashin matashinta, daure da zare, zinariyar ta goge a tsinin taurarin saboda yawan shafawa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ƙarami ne. In Nuwamba ta kama, ka ware rabin shafi ka buga siffofi biyar ko shida masu sauƙi, baƙi a kan fari, kowace ba ta wuce girman kilina ba, yadda mai karatu zai ɗora takarda ya kwafa. Malaman makaranta da masu koyar da yara a coci za su amfana, haka ma masu jinya da tsofaffi irina da hannu ke neman abin yi. Dabarar kuma ba ta tsaya ga Kirsimeti ba, duk wanda ya iya ta zai yi katin biki, na barka, na jaje, na godiya. In kana buƙatar siffofin, ina da su a littafina, zan aiko ba tare da an biya ni komai ba.

Na bana kurciya ce riƙe da ganye a baki, fara a kan shuɗi mai duhu. Fiffiken ya ba ni wuya, sai a kilina ta uku ya fito yadda nake so. Ashirin da tara sun bushe suna jere a kan tebur, saura goma sha ɗaya. Ɗaya daga cikinsu na wancan saurayin ne, zan ba mahaifiyarsa ta kai masa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku mai karatu a kullum,
Wata tsohuwar sakatariya